Matan da ke sanin faranti da kunne

A Mai Yara, can ƙasar Dakoro ta jihar Maradi, ranar jere ba kowace mace ake miƙa wa farantin tangaran na gado ba. Akwai gwaggo ko inna da aka sani da wannan aiki, kuma iliminta ya cancanci yabo.

Kafin ta duba ado, sai ta ɗora farantin a kan yatsu uku, ta ƙwanƙwasa bakinsa da farce. In ya yi ƙara siririya mai ja, lafiyarsa lau. In ƙarar ta mutu nan take, akwai tsaga a ɓoye, ko da ido bai gan ta ba. Daga nan ta shafa furannin. Wanda aka zana da hannu, ganyensa ba ya zama daidai da ɗan'uwansa, wani wurin fenti ya yi kauri, wani ya yi ruwa. Na inji kuwa duk kansu ɗaya.

Sannan ta kifa shi, domin asalin faranti a gindinsa yake. Cikin tsofaffin tangaran da jiragen ruwa suka kawo Afirka ta Yamma akwai na Staffordshire a Ingila, da na Petrus Regout, wanda ya fara wannan sana'a a birnin Maastricht na Holan a 1836. Tambarinsa wata halitta ce a kwance, kan mutum da jikin zaki. Gwaggo ba ta karanta boko ba, amma tana riƙe siffar tambari yadda makiyayi ke riƙe shaidar shanunsa.

Ɗakin amarya ya ga sauyi iri-iri: ƙwarya da akushi, tasoshin Bida, sai langa da samira, yau kuma roba da kuloli. Tangaran ya fi su wuyar riƙo, shi ya sa wanda ya kai jika ba da sa'a ya kai ba. Da toka mai laushi ake wanke shi, ba a kusantar da yashi, kuma a sa tsumma tsakanin kowane biyu.

Abin da ya fi burge ni shi ne gwaggo ta san hanyar da kowane faranti ya biyo: wanda aka saya da kuɗin gyaɗa a Maradi, wanda fatake suka taho da shi daga Kano, da wanda aka hana sayarwa ko a yunwar 1984. Tana jerawa tana faɗa wa 'yammatan da ke miƙo mata kaya.