Dimka Kaɗai, Ko Akwai Na Bayan Fage? Nazari a Kan Wasanni Biyu

Gabatarwa

Cikin rubuce-rubucen da ɗalibai suka aiko wa wannan mujalla akwai wasannin kwaikwayo guda biyu masu jigo ɗaya, wato kisan Janar Murtala Muhammad a Legas ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976. Wannan ba abin mamaki ba ne ga mutumin Yola, domin kwana goma kacal kafin rasuwarsa Murtala ya ƙirƙiro Jihar Gongola, ya mai da garin nan hedikwatarta. Manufar wannan muƙala ita ce ta auna yadda marubutan biyu suka amsa tambayar da ake ta muhawara a kanta har yau: shin aikin mutum ɗaya ne, ko kuwa makirci ne?

Wasa na Farko

Marubucin farko ya ɗora wa Laftanar-Kanar Buka Suka Dimka laifin baki ɗaya. Tun daga fitowa ta farko har labule ya rufe, Dimka ne ke ƙullawa, shi ke harbi, shi ke shela a rediyo. Wannan zubi yana da daɗin kallo, domin ya bi tsarin tatsuniya, inda ake da gwarzo ɗaya da dodo ɗaya. Amma tarihi bai goyi bayansa ba. Gungun sojoji ne suka yi wa motar Murtala kwanton ɓauna a cikin cunkoson Ikoyi, suka kashe shi tare da dogarinsa, Laftanar Akintunde Akinsehinwa. A ranar kuma aka kashe Kanar Ibrahim Taiwo, gwamnan Kwara. Mutum ɗaya ba ya kasancewa a Legas da Kwara a safiya ɗaya. Har ila yau, an harbe mutum fiye da talatin bisa wannan laifi, ciki har da Manjo-Janar Iliya Bisalla, kwamishinan tsaro, da Joseph Gomwalk, tsohon gwamnan Binuwai-Filato. Dukkansu wasan ya shafe su.

Wasa na Biyu

Marubuci na biyu ya karkata ga ɗaya gefen. A wurinsa Dimka ɗan aike ne kawai, masu abin suna can Amurka da Ingila. Zargin nasa yana da tushe. A watan Janairun 1976 Murtala ya tsaya a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa ya goyi bayan MPLA ta Angola, ya yi watsi da matsin lambar Shugaba Ford. Haka kuma a ranar juyin Dimka ya je ofishin jakadancin Ingila yana neman a sada shi da Janar Gowon, wanda ke karatu a Jami'ar Warwick. Sai dai zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Marubucin ya sanya Turawa a kan dandamali suna ba da umarnin kisa, alhali babu takarda ko shaidar da ta tabbatar da haka. Illar wannan ta fi ta wasan farko, domin ta wanke mu: ta mantar da mai kallo fushin hafsoshin cikin gida kan ƙarin girma da shirin rage yawan sojoji.

Kammalawa

Ba mu kaɗai ke da irin wannan rikici ba. A Amurka kwamitin Warren ya ce a 1964 Oswald kaɗai ya harbe Kennedy, sannan a 1979 wani kwamitin majalisa ya ce mai yiwuwa akwai haɗin baki. Bambancin shi ne, a namu makircin tabbas ne, iyakarsa ce ba a sani ba, tun da a asirce kotun soja ta yi zamanta. Nan ne ya kamata alƙalamin ɗalibanmu ya tsaya: a kan hafsan da ya ji ƙishin-ƙishin ya yi shiru, da matar da aka harbe mijinta ba ta ji shari'arsa ba. Shekispiya bai gina wasan Juliyas Siza a kan wuƙa ba, ya gina shi ne a kan zuciyar Burutus. Marubuci yana da 'yancin ƙirƙirar magana da hali, amma ba shi da 'yancin yanke hukuncin da hujja ba ta kai gare shi ba, musamman a kan mutanen da 'ya'yansu ke raye a cikinmu.