Riga a Jos: Daga Nuna Matsayi Zuwa Nuna Ɓangare

Hausawan da suka hau tsaunin Filato neman kuza a farkon ƙarni na 20, musamman bayan jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos a 1914, sun zo ne da suturar da aka ɗinka domin zafin Kano da Katsina. Sai suka tarar da gari mai tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, inda sanyin hunturu ke ratsa ƙashi. Shi ya sa har yau za ka ga dattijo a Gangare ko Dilimi ya fito sallar asuba da suwaitar gwanjon kasuwar Katako a ƙarƙashin kaftani, ga kwat a sama, ga zanna bukar a ka. Bakano zai ga abin banbarakwai, amma ɗan Jos ya san wannan shigar tasa ce.

A al'adar da suka zo da ita, tufa tana faɗin ko wane ne mutum tun kafin ya yi sallama. Aikin aska takwas a ƙirjin riga yana nuna wadata, rawani mai kunnuwa biyu na jinin sarauta ne, yawan atamfa da leshi a lefe kuma mutuncin dangin ango ne. Daga baya ƙungiyar Izala, wadda Sheikh Isma'ila Idris ya kafa a nan Jos a 1978, ta taimaka wajen sauya shigar mata, hijabi ya ture gyale a gidaje da dama.

Abin da ya fi damuna shi ne, a da babbar riga a Filato ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Birom da Jarawa da Angas sun sa ta a coci ranar Lahadi, sun sa ta a biki da taron siyasa, kuma sau da yawa telan Bahaushe ne ya ɗinka. Rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba 2001, da na 2008 da 2010, ya ɗora wa tufa nauyin da ba domin shi aka ɗinka ta ba. Unguwanni suka rabu, mutum ya koyi cusa hula a aljihu kafin ya ratsa wata unguwa, wani kuma ya koyi sa ta. Wannan asara ce babba, ko da ba a lissafa ta cikin gidajen da suka ƙone.

Ba ko'ina tufa ke raba mutane haka ba: Malesiya ma ƙasa ce mai ƙabilu da addinai. Bamalaye yana da rigarsa ta Idi, baju Melayu, da hula songkok da ɗan zanen da ake ɗaurawa a ƙugu, amma ma'aikatan gwamnati, har da 'yan asalin Sin da Indiya, kan sa yadin batik ranar Alhamis. Atamfarmu ma jikar batik ɗin Jawa ce, ta hannun masana'antun Holan ta iso mana. A Jos kuwa ita ce ta fi tsira daga rabuwar: matan zumuntar coci da matan Islamiyya duk da ita suke anko. Sai dai tun da babbar kasuwar Terminus ta ƙone a Fabrairun 2002, wuraren da suke haɗuwa su taya turmi ɗaya a rumfa ɗaya sun ragu ƙwarai.