Nazari a kan Rabe-raben Bainton Game da Matsayin Kiristanci a kan Yaƙi

Ɗalibin kwatanta addinai da ya nemi sanin matsayin Kiristoci game da yaƙi, da wuya ya yi nisa bai ci karo da littafin Roland Bainton ba, wato Christian Attitudes toward War and Peace, wanda ya fito a 1960. Bainton, malamin tarihin coci a Jami'ar Yale ta Amurka, ya kasa ra'ayoyin Kiristoci gida uku: ƙin yaƙi ɗungurungum, yaƙi bisa sharuɗɗan adalci, da yaƙin Salibiyya. Ya kuma jera su kusan bisa tsarin zamani. A ganinsa Kiristocin ƙarnoni uku na farko sun ƙaurace wa ɗaukar makami, suna dogaro da Wa'azin kan Dutse da ke cikin Linjilar Matiyu. Da sarkin Rum Kwanstantin ya rungumi addinin bayan nasararsa a 312, sai Agustin (354–430) ya buɗe ƙofar yaƙin adalci, daga bisani Fafaroma Urban na II ya yi kiran Salibiyya a Klemon ta Faransa a 1095.

Amfanin wannan rabo a fili yake. Yana hana mai nazari tara Kiristoci cikin kwando ɗaya, kuskuren da ake yawan yi ko dai ta ɗaukar addinin a matsayin na juya kunci kawai, ko ta ganin kowane Kirista magajin mayaƙan Salibiyya ne.

Sai dai jerin ya fi tarihin tsafta. Tertuliyan, wanda shi ne babbar hujjar masu cewa cocin farko ba ta yarda da yaƙi ba, ya rubuta risalarsa De Corona ne wajen shekarar 211 a kan wani soja Kirista da ya ƙi ɗora rawanin ganye a wani bikin rundunar Rum. Samuwar risalar kanta shaida ce cewa akwai Kiristoci cikin soja shekara ɗari kafin Kwanstantin. Sannan babban ɓangare na ƙorafin Tertuliyan ya shafi rantsuwa da bukukuwan gumaka da aikin soja ya ƙunsa. Zubar da jini ɗaya ne daga cikin dalilai, ba shi kaɗai ba.

Iyakar da ke tsakanin kashi na biyu da na uku ma ba ta kai ƙarfin da littafin ya ba ta ba. Agustin ɗin da ya sharɗanta izinin hukuma da kyakkyawar niyya, shi ne ya halatta tilasta wa 'yan ɗarikar Donatus a Arewacin Afirka. Da Giratiyan ya tattara dokokin coci wajen 1140, daga maganganun Agustin ya ɗebo mafi yawan hujjojinsa, kuma masanan da suka kare Salibiyya daga wannan rumbun suka ci. A wurinsu Salibiyya reshe ce ta yaƙin adalci wadda izininta ya fito daga Fafaroma.

Akwai kuma matsayin da ba ya shiga ko ɗaya daga cikin gidajen uku. Basil na Kaisariya, wanda ya rasu a 379, bai kira sojan da ya yi kisa a fagen fama mai kisan kai ba, amma ya ba da shawarar ya nisanci Jibin Ubangiji har shekara uku. Bayan yaƙin Hastings na 1066 ma an ɗora wa sojojin da suka ci nasara kaffara gwargwadon waɗanda suka kashe. A nan tambayar ta tashi daga halascin yaƙi ta koma kan halin da mumini yake ciki bayansa, kuma wannan ne ya fi dacewa da a auna shi da tattaunawar fuƙaha'u a babin siyar, irin na Imam Muhammad al-Shaibani, maimakon gwama jihadi da Salibiyya da aka saba yi cikin gaggawa.

Bainton bai ɓoye inda ya karkata ba: mai ƙin yaƙi ne, yana rubutu a ƙarƙashin barazanar makamin nukiliya, kuma wannan ya sa tarihin ya fito masa kamar labarin lalacewa bayan tsarkin farko. Shekara guda bayan littafinsa, Paul Ramsey ya fitar da War and the Christian Conscience yana kare yaƙin adalci da hujjar ƙaunar maƙwabcin da aka zalunta. Ya kamata a karanta littattafan biyu tare.