Kafin ya koyi kamu

Idan mafarauta suka fito da rani, gora a kafaɗa, karnuka a biye, gudun kare a bayan zomo ne ke burge jama'a. Ni dawowarsu ce ke ɗaukar hankalina: kare ya ratsa tsakiyar ƙauye, jini bai bushe a bakinsa ba, ya wuce kaza da 'yan tsakinta ko waiwaye. Ba da wannan halin aka haife shi ba. Wani ne ya yi wata da watanni yana dasa masa shi.

Farauta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kazaure. Tarihin baka ya ce maharba ne ƙarƙashin Kutumbi suka fara zama a wurin, tun kafin Ɗan Tunku ya kafa sarautarsa a 1819. A wani ƙauye da ke gindin duwatsun Roni na ga ragowar wannan gado a hannun wani dattijo.

Ba ya raba kwikwiyo da uwarsa sai ya kusa wata 2, don a cikin 'yan'uwansa yake koyon iyakar cizon wasa. Daga nan shi kaɗai ke ba shi abinci, a kasko guda, a wuri guda, kuma sai ya yi fito ya kira sunansa. Kwana kaɗan, fito ya zama kira. Ɗaki kuwa, da wurin salla da inda ake ajiye buta, tun ranar farko ake nuna masa ba huruminsa ba ne.

Ina zaune ya ɗaure kwikwiyonsa Duna da 'yar igiya a gindin darbejiya, ya watsa tsaba nesa kaɗan. Kaji suka taru. Kwikwiyon ya miƙe kunnuwa, ya yi zumbur.

"Kai! Bari," in ji dattijon, murya ƙasa-ƙasa, ya ɗan ja igiyar.

Sai a karo na huɗu Duna ya kwanta, ya ɗora haɓa a ƙasa. Nan take ya sami ɓallin ƙanzo da shafa a wuya. Jikan dattijon ya ɗauko tsumagiya ya ce, "Baba, in zane shi in ya sake?" Dattijon ya girgiza kai: karen da aka daka yana ƙarami, ko ya tashi matsoraci ko ya tashi mai cizo, kuma babu mai amfani a dawa.

Haka yake bi da shi wurin awaki, bakin rijiya, gefen turmi ana daka, ƙofar gida lokacin da almajirai ke bara. Har bakin titi yake kai shi ya ji ƙarar babur da tirela. Masu binciken halayyar dabbobi sun gano cewa daga mako 3 zuwa wajen mako 12 ne kwikwiyo ke sabawa da abu cikin sauƙi, bayan nan baƙon abu tsoro yake ba shi. Dattijon bai karanta wannan ba, cewa yake ba a fafe gora ranar tafiya. Abu ɗaya nake so kowane mai kare ya ƙara: allurar haukan kare da ya cika wata 3, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke haɗa irinta.

Malamanmu ma sun san darajar wannan horo. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta kamun dabbar da aka koyar, kuma alamar koyo a fiƙihu ita ce in an saki kare ya tafi, in an tsawatar ya tsaya.

Shi kamun kuwa ba ya ba dattijon wahala. Fatar zomo a bakin igiya, sannan fita bayan tsohuwar karya, ita za ta nuna masa sauran. Da na tashi tafiya Duna barci yake, wani ɗan tsako yana tsattsagar ƙanzo tsakanin ƙafafunsa.