Kwalekwalen da ake kwana a ciki ba na tsere ba ne

A Potiskum ba mu da kogi, amma bandar da muke sakawa a miya daga hannun masuntan Gashuwa, Geidam da Tafkin Chadi take zuwa. Shi ya sa yayin da ake yi na jirgin fayiba, mai tsini da dogon baki, yake damuna. Ana ta yabon gudunsa, kuma gaskiya yana da gudu. Amma masuncin da zai kwashi iyali, taru, tukwane, awaki da karensa ya tafi tsibiri na watanni, ba gudu yake nema ba. Gida yake nema.

Ruwan yankin namu ma ya canja. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da ke gangarowa Komadugu Yobe ya ragu, kachala ta toshe hanyoyi a fadamun Hadeja da Nguru. A irin wannan ruwa, kwalekwalen katako mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ne sarki: gwangwala ta ishe shi, yana kaiwa har gaɓa, in ya tsage kafinta ya ɗinke shi a ranar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shiga da fita. Duk wanda ya ga lodin shanu a kasuwar Potiskum ya san dabba ba ta taka abin da ke da santsi. Cikin fayiba kuwa sulɓi ne da shi. Kare zai zame, tsohuwa za ta zame, mai juna biyu sai an ɗaga ta. Ƙaramin baki, faffaɗan ciki da katako guda da za a jingina a gaɓa sun magance wannan duka.

Kare kuma a ba shi gurbinsa a goshin jirgi, ƙarƙashin 'yar inuwa, da kaskonsa shi kaɗai. Ko a mazhabar Malikiyya da muke bi, kwanon ruwan da ya sha a ciki an so a wanke shi sau 7, don haka murhu, kwanuka da tabarmar salla su koma baya, rumfa a tsakiya ta raba su.

Masu raba jiragen tallafi, don Allah ku tambayi masunta da masassaƙansu kafin ku yi oda. Rigar ruwa ku kawo ta da yawa, fasalin jirgi kuwa ku bar wa masu kwana a cikinsa.