Rikiɗar Mutum Kyarkeci a Majigin Turawa

Masu nazarin adabin Hausa sun san labarin mutumin da ke rikiɗa kura da dare. A tatsuniyoyin Turawa kuwa kyarkeci yake rikiɗa, masu shirya majigi kuma sun daɗe suna cin abinci da wannan labari. To, me ya sa wani majigin ke ta da tsikar jiki, wani kuwa sai dariya?

A ganina, tsoron yana jikin mutumin ne tun gashi bai tsiro masa ba. A cikin The Wolf Man na 1941, Lon Chaney ƙarami ya fito a matsayin Larry Talbot, wanda kyarkeci ya ciza. Ya san ɓarnar da yake yi da dare, ya faɗa, aka ƙi gaskata shi, har ubansa ya kashe shi da sanda mai kan azurfa, bai san ɗansa ba ne. Fuskar da Jack Pierce ya haɗa masa yau ko yaro ba ta firgitawa, amma tausayin nan bai tsufa ba.

A cikin An American Werewolf in London na 1981, Rick Baker ya nuna rikiɗar a ɗaki mai haske, ƙasusuwa na miƙewa, saurayin na kururuwa, har mai kallo ya ji zafin a jikinsa. Wanda ya biyo bayansa a 1997, watau An American Werewolf in Paris, da kwamfuta aka zana dabbar. Tana tsalle ba nauyi, ba alamar ciwo, kuma lalle ba mai tuna cewa ɗazu mutum ce.