Kirarin Sarauta a Cikin *Tarihin Kano*: Adabi ko Ado?

Tun da H. R. Palmer ya buga fassarar *Tarihin Kano* da Ingilishi a 1908, manazarta sun fi ɗaukar littafin a matsayin ma'ajiyar sunayen sarakuna da shekarun mulkinsu, tun daga Bagauda har zuwa ƙarshen ƙarni na 19. Kirarin da ke warwatse a cikinsa kuwa sai aka mayar da shi ado. Wannan maƙala na ganin cewa an yi wa kirarin rashin adalci.

Hujja ta farko ita ce ta harshe. Da Larabci aka rubuta littafin, amma kirari da dama an bar su da Hausa. Ana iya fahimtar dalili: kirari na tafiya ne da karin sauti da amon kiɗa, in aka raba shi da su ya mutu. Idan kuwa an tattara littafin a ƙarshen ƙarni na 19, kamar yadda John Hunwick ya nuna a 1994, to akwai alamar waɗannan gajerun jimloli sun girmi zuben da ke kewaye da su, domin a bakin maroƙa da makaɗa marubucin ya same su.

Hujja ta biyu littafin da kansa ya bayar da ita. Cikin abubuwan da ya jingina wa Muhammadu Rumfa (1463-1499) har da kakaki da figini, a jere da gina Gidan Rumfa da kafa Kasuwar Kurmi. Ke nan a wurin marubucin, busa da kiɗa rukuni ne na mulki.

Saboda haka tsakure daga littafin ba ya wadatar da ɗalibi sai an gwama shi da wasu madogarai. *Waƙar Bagauda*, wadda Mervyn Hiskett ya buga a 1964 zuwa 1965, ta mayar da jerin sarakunan wa'azi kan ƙarewar duniya. Haka kuma littafin Hassan Dallatu da Shu'aibu Na'ibi kan tarihin tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, wanda fassararsa ta fito a 1952, ya adana tsarin fadar Haɓen Zazzau da jihadi bai rushe ba.

A taƙaice, matuƙar sassan tarihi ne kaɗai ke karantar da wannan littafi, sassan Hausa za su ci gaba da asarar ɗaya daga cikin tsofaffin taskokin waƙar baka da harshen ya mallaka.